Na'urar auna ƙura mai leza: wacce ce ta dace da hunturunmu?

Wata 'yar uwa da ke aikin jinya a Kusiri ce ta kira ni kwanakin baya, tace Malam don Allah ka raba min gardama, ina so in saka na'urar auna ƙura a ɗakin da muke kwantar da masu asma da tari, na duba a intanet na ga ta sefa dubu 12, na ga ta dubu 150, na ga wata har miliyan 3, kuma duk an rubuta leza a jikinsu, duk suna nuna PM2.5, to ba abu ɗaya suke yi ba? Nace mata Hajiya a'a, ba ɗaya bane, amma kuma ba lallai mai tsadar ce taki ba. Ni fizik nake koyarwa anan Garwa, kuma hunturu uku kenan ina da irin waɗannan na'urori a gida saboda 'yata da ke fama da asma, shi yasa nace bari in rubuta abin a tsanake ko wani ma zai amfana.

Kafin maganar kuɗi sai ka san abin da ke cikin akwatin. Ka taɓa zama a ɗaki da hantsi, hasken rana ya shigo ta hudar kwano, kaga ƙura na yawo a cikin hasken kamar ƙananan ƙwari? Ƙurar tana nan ko'ina a ɗakin, amma sai a cikin hasken kake ganinta, don kowace ƙwaya in haske ya buge ta sai ta watsa shi gefe, wani ya faɗo idonka. To aikin na'urar kenan kaf. Akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska, akwai leza ja siririya da ke ratsa iskar, sai wani ɗan ido na lantarki a gefe yana jiran hasken da ƙwayoyin suka watso. Babbar ƙwaya haske mai yawa, ƙarama kaɗan. Lissafin yadda ƙwaya mai zagaye ke watsa haske wani Bajamushe ne Gustav Mie ya fitar da shi tun 1908, ita leza kanta sai 1960 aka ƙera ta farko, yanzu gashi an haɗa su a akwatin da bai fi kwalin ashana biyu ba.

Abin da nafi so ka riƙe shi ne na'urar bata auna nauyin ƙura, haske take gani, sai ta yi kirdado ta baka lamba a maikirogiram cikin kowace mita kubik ta iska. Kirdadon an gina shi akan irin ƙwayar da aka gwada ta da ita a masana'anta, yawanci ƙanana irin na hayaƙi. Mu kuma abin da ke damunmu kashi biyu ne. Akwai hayaƙi, na itace da gawayi da babura da janareto da ƙona shara da ƙona daji bayan girbi, wannan ƙanana ne sosai. Sai kuma hazon hunturu da ke taso mana daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, can wajen Faya, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta share busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi, ƙurar nan har tekun Atlantika take tsallakawa ta sauka a dajin Amazon. Ita wannan ƙasa ce niƙaƙƙiya, ƙwayoyinta sun fi na hayaƙi girma da nauyi, kuma ba zagayayyu bane. PM2.5 na nufin ƙwayoyin da basu wuce maikiron 2.5 ba, PM10 waɗanda basu wuce 10 ba, gashin kai ɗaya kaurinsa wajen maikiron 50 zuwa 70 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 tace matsakaicin PM2.5 na yini kada ya wuce maikirogiram 15 a mita kubik, na shekara 5, PM10 kuma 45 a yini. A rahoton IQAir, kamfanin da ke bin diddigin ingancin iska, na shekarar 2024 Chadi ce ta zo ta farko a duniya wajen gurɓatar iska, da matsakaicin PM2.5 na shekara 91.8, kaga ba maganar wasa muke ba.

Ma'aunan da na bi wajen kwatanta su

Na farko kuma mafi girma, wace ƙwaya take gani da gaske, hayaƙi kawai ko har da ƙurar hunturu. Na biyu kuɗi, kuma farashin da zan faɗa kusan-kusan ne, kafin jigila da kuɗin duwan wato kwastan, na lissafa dalar Amurka ɗaya akan sefa 600 don sauƙi, dalar Amurka fa nake nufi ba dalar kasuwa ta sefa biyar ba. Na uku juriya, don abin da aka ƙera don ofis mai sanyi a Turai in ya sha zafin watan Afrilu na Garwa ko Njamena da ya haura digiri 40 sannan ƙura ta cika masa ciki labari ya canza. Na huɗu sauƙi, yana son wuta kullum? yana son wayfai? sai ka iya haɗa waya da rubuta umarni a kwamfuta? Na ƙarshe haɗari, kuma babban haɗarin anan shi ne ka yarda da lambar da ba daidai ba ka buɗe taga ga mara lafiya.

Tsirarun sensa da kake haɗawa da kanka

Sensa ita ce ainihin abin aunawar da ke cikin akwatin, guda uku ne suka fi yawo, PMS5003 na kamfanin Plantower, SDS011 na Nova Fitness, dukkansu daga China, sai SPS30 na Sensirion daga Suwizalan. Ba su da allo ba su da batir, sai ka haɗa su da 'yar ƙaramar kwamfuta irin ESP32 ko Arduino, ita SDS011 tana zuwa da mahaɗin USB da zaka soka a kwamfuta kai tsaye, wannan ya sa ta fi sauƙi ga ɗalibai. Dukkansu bolt 5 suke ci kuma wutar da suke ja bata wuce ta ƙaramin kwan fitila ba, ƙaramin faifan sola da batir ya ishe su. Sai dai ka lura wasu pawabank na waya suna kashe kansu in abin da aka jona baya jan wuta sosai, sai ka wayi gari ka tarar ba a rubuta komai ba tun tsakar dare.

PMS5003 ita ce mafi araha, wajen sefa dubu 9 zuwa 15. Tana fara gani daga maikiron 0.3, kuma akan hayaƙi wallahi tana aiki, ranar da na fara kunna ta uwargida ta saka turaren wuta a kasko a ɗaki, kafin hayaƙin ya iso inda nake zaune lambar ta riga ta tashi sama, haka in ana suyar ƙosai a ƙofar gida iska ta juyo. Amma ranar da hazo ya sauka sosai, irin wanda daga kan gadar Binuwai baka hango ɗaya gaɓar, haƙoranka na ƙas-ƙas, motar da aka wanke da asuba ta koma fara kafin azahar, sai naga lambar ta ɗan motsa kawai, bata kai ko kusa da abin da turare ya sa ta yi ba. Da farko na zaci ta lalace ne, ashe haka halinta yake, masu bincike da yawa sun gwada sun tabbatar cewa manyan ƙwayoyi basa isa gaban lezar yadda ya kamata, hanyar iskar cikinta tana da lanƙwasa, ƙwaya mai nauyi sai ta bugi bango ta zauna. Lambar PM10 da take baka kusan lissafi ne daga ƙananan da ta gani. Wannan shi ne abin da mai sayarwa bazai faɗa maka ba, kuma mu nan shi ne abin da yafi shafarmu.

SDS011 wajen dubu 12 zuwa 18, fankarta ta fi girma, tana da ɗan bututu da zaka saka tiyo ka zuƙo iskar waje, tana nuna har maikirogiram 999.9. Ta ɗan fi jin manyan ƙwayoyi amma ita ma kada ka rantse da PM10 ɗinta. Rauninta lezar awa 8000 aka rubuta mata, wato in ka barta a kunne dare da rana wata 11 ta gama, dole ka sa ta tana barci tana farkawa, ta zuƙi iska na daƙiƙa 30 ta auna ta koma. Sannan iyakar zafinta digiri 50 ne, a ƙarƙashin kwano da rana tsaka a bazara zaka iya kaiwa nan, kuma in damshin iska ya wuce kashi 70 cikin ɗari kamar a watan Agusta lambarta na kumbura don ƙwayoyin sun sha ruwa sun ƙara girma. Wannan matsalar damshi duk masu arahar suna da ita, sa'armu dai lokacin hunturu iska a bushe take.

SPS30 ita nafi so a cikin ukun, wajen dubu 25 zuwa 30. Kamfanin yace tana kai shekara 10 a kunne, kuma sau ɗaya a sati tana juya fankarta da ƙarfi na daƙiƙa 10 ta kakkaɓe ƙurar ciki da kanta. Bayan hunturu ɗaya na buɗe tsohuwar PMS ɗina na tarar da farar ƙura lallausa kamar garin alabo ta kwanta a fikafikan fankar har ta fara ƙara, ita SPS30 da ke gefenta shiru take aikinta. Amma a takardarta su da kansu sun nuna cewa PM4 da PM10 lissafo su ake daga ƙananan ƙwayoyi, saboda haka makantar iri ɗaya ce, ta dai fi ƙarko da daidaito akan hayaƙi.

Na hannu masu allo

Irin su Temtop da makamantansu, dubu 40 zuwa 120, akwai batir akwai allo mai launi, ka danna kawai. A cikinsu irin waɗancan ƙananan sensa ne, kuɗin akwati da allo da batir kake biya, kuma ba laifi bane in baka son wahalar haɗa waya. Amfaninsu zaka iya yawo da su daga madafa zuwa ɗakin yara zuwa bakin titi kaga bambanci da idonka. Batirin ne baya son zafi, kada ka barshi a mota. Sannan kasuwar cike take da marasa suna na dubu 10 da ke nuna abu bakwai a allo ɗaya, in ka samu dama kafin ka biya kunna ashana ka kashe ka kusantar da hayaƙin, mai leza ta gaske cikin 'yan daƙiƙu zata tashi sannan ta sauko a hankali, kuma in ka kanga kunne zakaji fanka.

Na kafewa a bango masu tura bayani intanet

PurpleAir shi yafi suna, wajen dubu 120 zuwa 180. Dabararsu mai kyau ita ce sensa biyu na Plantower ne a ciki, A da B, in suka fara saɓawa juna ka san ɗaya ta toshe ko gizo-gizo ya shiga, wanda mai sensa ɗaya bazai taɓa sani ba. Yana da rufi na ruwan sama, yana ɗora lambobin a taswira kowa ya gani, wasu samfuran suna da katin ajiya ko intanet ya yanke. AirGradient ma ana kafa shi yana tura bayani intanet, kuma tsarinsa a buɗe yake ga mai son gyarawa. Akwai kuma AirQo na jami'ar Makerere a Kampala da suka ƙera nasu don yanayin Afirka, da sola da layin waya maimakon wayfai, su ta hanyar haɗin gwiwa da hukumomi da jami'o'i suke aiki. Matsalar wannan rukuni a wajenmu wuta da wayfai ne na kullum, in unguwarku ana ɗauke wuta sai ka ƙara kuɗin sola da ɗan rauta. Kuma tunda cikinsu Plantower ne, a ranar hazo mai ƙarfi zasu nuna ƙasa da gaskiya, wani lokaci ƙasa sosai. Gyaran lissafin da hukumar muhalli ta Amurka ta fitar musu a 2021 ya fi dacewa da hayaƙi da iskar biranensu.

Mai ƙirga ƙwaya ɗaya-ɗaya

Anan ne aka fara ganin ƙurarmu da gaske. OPC-N3 na kamfanin Alphasense na Ingila yana auna hasken kowace ƙwaya ita kaɗai ya jefa ta a ɗaya daga rukunai 24, daga maikiron 0.35 har 40, hanyar iskarsa a miƙe take. Kuɗinsa wajen dubu 250 zuwa sama kuma shi ma tsirara yake zuwa, sai wanda ya iya haɗawa. Da shi zaka iya bambance ranar hayaƙi da ranar hazo daga yadda rukunan suka cika, abin da ni a matsayin malami yake burge ni ƙwarai. Rauninsa akwai madubi a ciki da ƙura ke dusashewa, dole a riƙa hure shi, kuma in ƙwayoyi suka yi yawa har biyu suna ratsa lezar lokaci guda sai ya ƙirga su a matsayin ɗaya babba.

Na ƙwararru

DustTrak na kamfanin TSI na Amurka, miliyan 3 zuwa sama. Famfo gareshi mai ja da ƙarfi daidai, yana duba hasken da ya watsu a kusurwar digiri 90, yana kai har miligiram ɗaruruwa (miligiram ɗaya maikirogiram 1000 ne), wato inda ƙananan suka cika suka tsaya shi yana ci gaba. Abin sha'awa da ƙurar ƙasa ta Arizona ake saita shi a masana'anta, don haka akan ƙura ya fi kusa da gaskiya, akan hayaƙi kuma yakan zarce. Samfurin tebur yana da gurbin matata da zaka cire ka auna a sikeli ka gyara lambar da ƙurar wurinka. Wahalarsa sai an saita sifili kafin aiki, kuma ana so a mayar da shi kamfani duk shekara, ka lissafa jigila daga Marwa zuwa Turai da dawowa. Sama da shi akwai irin BAM 1020 da hukumomi ke amfani da shi, wannan ba leza bace, ƙurar yake tarawa a kan tef ya auna duk awa, kuɗinsa ya haura miliyan 10, da shi ake gwada sauran.

| Na'ura | Kuɗi a sefa | Hayaƙi | Ƙurar hunturu | Juriya | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|
| PMS5003 | dubu 9 zuwa 15 | da kyau | rauni sosai | fanka na toshewa | sai an haɗa |
| SDS011 | dubu 12 zuwa 18 | da kyau | rauni | leza awa 8000 | akwai USB |
| SPS30 | dubu 25 zuwa 30 | da kyau sosai | rauni | mafi ƙarko | sai an haɗa |
| Na hannu | dubu 40 zuwa 120 | da kyau | rauni | batir baya son zafi | mafi sauƙi |
| PurpleAir | dubu 120 zuwa 180 | da kyau sosai | rauni | da rufi, sensa biyu | wuta da wayfai |
| OPC-N3 | dubu 250 zuwa sama | matsakaici | da kyau | sai ana sharewa | sai gwani |
| DustTrak | miliyan 3 zuwa sama | yakan zarce | da kyau | mai ƙarfi | saiti duk shekara |

Maganar lezar kanta, muddin akwatin a rufe yake babu abin tsoro, amma kada a buɗe shi yana kunne, kuma kada a bari yara su leƙa ciki, ɗalibaina kullum sai na maimaita musu a cire wuta tukuna.

To wa zai ɗauki wacce

In kai magidanci ne mai yaro da asma ko tsohuwa mai tari, ɗauki na hannu mai suna. Abin da zai nuna maka shi ne abin da kake da ikon canzawa, murhun da ke kusa da taga, maganin sauro na kunnawa, turare a rufaffen ɗaki, janareton maƙwabci. Mu a gida da muka gani ƙuru-ƙuru sai muka mayar da murhu can ƙarshen tsakar gida inda iska ke fita, shara kuma sai an yayyafa ruwa. Amma ranar hazo kada ka tambayi na'urar, fita ka duba ko kana hango hasumiyar masallacin unguwa, in baka hango ba a rufe tagogi ko da allon yana nuna kore, alamar iska mai kyau.

In makaranta ce ko ƙungiyar matasa masu son koyo, SDS011 ɗaya don aji, sai SPS30 guda biyu a kafe gefe da gefe a inuwa, nesa da madafa, sama da tsayin mutum, don biyu masu araha da kake kwatantawa sun fi ɗaya da baka da mai gaskata ta. In ana son unguwa ko gari ya bayyana a taswira, kuma akwai sola da intanet tsayayye, PurpleAir ko AirGradient, kuma garuruwanmu suna buƙatar hakan sosai don wuraren da ake aunawa a wannan yanki 'yan kaɗan ne.

Mai injin niƙa, mai sito na siminti, masu aikin gurzar auduga ko fasa dutse, ku ƙananan nan basu da amfani a gareku, ƙurarku manya ce kuma mai yawa, cikin sati zata cika su. Ku nemi a zo da irin DustTrak a auna muku na kwana biyu ko uku, haya ko ta hannun masu bincike, sauran kuɗin a sayi takunkumi na kirki da fankar fitar da iska. Ɗalibin jami'a a Marwa ko Ngaundare ko Njamena da ke rubutu akan hunturu kuma OPC-N3 ne mafi ƙarancin abin da zai kare a gaban malamansa, kuma ya nemi inda zai ajiye shi kusa da babbar na'ura na wasu makonni a cikin hazon kansa.

Ita Hajiya ta Kusiri nace ta sayi na hannu ɗaya na wajen dubu 60 don zagaya ɗakuna, ta fara da gefen da janareton asibitin yake da kuma inda masu jinya ke hura gawayi da yamma, ragowar kuɗin ta saka a labule mai kauri da toshe ƙasan ƙofofi kafin Disamba.